Babur a Turken Babana

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Ga magana nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce. Idona ya gani, abin da idona bai gani ba kuwa kunnena ya ji daga bakin waɗanda aka yi da su. Ni karatuna bai wuce na salla ba, saboda haka mai riƙe da alƙalami ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini.

A lokacin da nake ba ku labari Tudun Wada ba ta cika ba. Gidaje jefi-jefi ne, gonakin dawa a tsakani. In ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango ganuwar birni ta wannan gefe, ta wancan gefe kuma hayaƙin jirgin ƙasa yana tashi a hayin rafin Kubanni. Turawa ba su daɗe da zama ba, har akwai tsofaffin da in sun ji kukan jirgi sai sun nemi tsari.

Babana dillalin dawaki ne. Ba shi da sarauta, ba shi da gonar kirki, dukiyarsa kalma ɗaya ce. In ya duba doki ya ce "saya", an gama magana. Mutanen birni da fatake duk a zaurenmu suke cire takalmi saboda kalmar nan. Yana kuwa da ƙa'ida wadda ba ya karyawa ko don wa: doki ba ya sayuwa ranar da aka kawo shi. Sai ya kwana a turkenmu. A share ƙasa, a zuba farin yashi, da asuba Baba ya fito ya duba kashinsa da fitsarinsa, ya ga yadda ya tsaya, ya ga takunsa na farko tun jikinsa bai yi ɗumi ba. Dalili kuwa, mai wayo yakan yi sukuwa da gurgun doki kafin ya iso, jini ya yi zafi, ɗingishi ya ɓuya.

Maigidana, kakanku ke nan, fatu da ƙiraga yake saya wa wani kamfani na Sabon Gari. Sai suka ba shi hanyar kudu, ƙasar duhuwa da rafuka, inda tsando yake, ƙudan nan mai kashe dabba. Baba ya zaɓa masa doki, ya tafi, ya dawo da shi a rame, bai yi wata ba ya mutu. Baba ya sake zaɓa masa wani, shi ma haka. Duk wanda ya san dabba ya san ƙuda ne ya kashe su, amma bakin mutane ba ya bin wannan. Aka fara cewa idon tsoho ya mutu. Zauren da ke cika ya koma sai tabarma da buta, sai kuma maƙerin da ke maƙwabtaka da mu, abokin Baba tun suna samari, wanda bai taɓa wuni bai tsokane shi ba.

Yakan leƙo ya ce, "Malam, yau babu jana'iza? Na ga ungulu sun taru a kan kuka suna tambayar ko ka zaɓi wani."

Baba ya ce, "Kai dai ka koma ka hura wutarka, baƙin ƙarfe."

A yi dariya. Amma ni na san in Baba ya shigo cikin gida tuwonsa yakan dawo da saura.

Ina gida a lokacin, na zo wankan jego na ɗan fari. Ran nan da yamma maigidana ya zo, ya durƙusa a zaure kansa a sunkuye, yadda suruki ke yi. Ina bayan bango ina ji. Ya ce kamfani sun ce in ba shi da abin hawa za su ba wani hanyar. Ya ce ya ji labarin wani tsohon babur na doguwar tafiya, irin wanda Turawa ke rangadi da shi, ana son sayarwa.

Ya ce, "Baba, ƙuda ba ya cizon ƙarfe. Amma ni ba zan saya ba sai ka duba ka ce in saya."

Maƙeri yana nan, amma ya kasa wasa. Kowa ya ga inda maganar ta tsaya. In Baba ya ce bai san ƙarfe ba, to shi da bakinsa ya shaida zamaninsa ya wuce. In kuwa ya ce "saya" abin ya mutu a daji, karo na uku ke nan, ko jaki ba mai sake tambayarsa.

Can Baba ya ce, "Ka ce wa mai shi ya dakata mini kwana biyu."

Abin da ya yi a kwanakin nan shi ne farkon abin da nake alfahari da shi. Kullum da safe ya zuba goro a aljihu ya ƙetare Kubanni, ya tafi wurin wani direban babbar mota da ke ɗaukar auduga, mutumin da a haife Baba ya haife shi. Ya tsuguna a gabansa da furfurarsa ya ce, "Koya mini. Ina haƙoransa? Ina numfashinsa? A ina yake ɓoye ɗingishi?" Ya dawo da yamma yatsunsa baƙi ƙirin, Inna tana faɗa a kan hannun rigarsa. Shi kuwa ya ɗauki jaririn ya ɗora a cinya, yana yi masa bitar karatun yini kamar yana ji.

"Ka ji, angon Inna? Ashe dokin ƙarfen nan ma yana da jini, baƙi ne. Ashe shi ma in an kawo shi da zafi ƙarya yake yi."

Ranar da aka kawo babur ɗin, ƙarshen damina ne, bayan la'asar. Tun daga wajen gada muka ji ƙararsa, kaji suka watse, akuyar Inna ta tsinke igiya. Mai shi wani siririn mutum ne mai ladabi, tsohon boyin wani Bature. Shekara da shekaru suna yawon ƙasa tare, da Baturen zai koma garinsu ya bar masa babur ɗin, shi kuwa so yake ya sayar ya koma ƙauyensu ya yi noma. Aka turo shi cikin filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda turkenmu yake. Akwai wata kafa a bangon wurin, tun ina yarinya ta nan nake kallon dawaki. Na sa ido.

Dogo ne, baƙi, tankinsa ya loɓa a gefe ɗaya. Yana da akwatunan fata biyu a baya kamar mangala, da babbar fitila a goshi. Taɓo kuwa ya rufe shi har wuya.

Baba ya kai tafin hannu kusa da injin, ya janye.

Ya ce, "Ka kawo shi da gumi. Zai kwana."

Mutumin ya ce, "Baba, ai ba doki ba ne. Ko harawa ba ya ci."

"Na sani. Shi ya sa kwanansa ba zai yi mini tsada ba."

Kafin rana ta faɗi Baba ya yi abin da ake iya yi. Ya sa aka ɗaga ƙafar gaba, ya kama ta ya girgiza hagu da dama, yana jin ko tana wasa a gindinta, ya yi wa ta baya haka. Ya karɓi ɗan guntun ƙarfe a hannun maƙeri ya bi wayoyin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, mai ƙara ya wuce ta, wadda ta yi shiru ya ɗaura mata zare. Ya ja sarƙar baya ya ga yadda ta saki. Ya daɗe a kan faifan da sarƙar ke hawa yana shafa haƙoransa, don direban ya gaya masa in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar farcen shaho, abin ya ci ƙasa fiye da yadda mai shi zai faɗa. Ya miƙa igiya daga ƙafar gaba zuwa ta baya, ya runtse ido ɗaya ya duba ko suna bin sawun juna. Ya lanƙwasa gefen taya da babban yatsa yana neman tsaga. Da ya zo kan tanki, wani ya ce a kawo fitila a leƙa. Baba ya daka masa tsawar da ban taɓa ji ba. Ya aika aka karɓo madubin Inna, ya tare hasken rana da shi ya jefa cikin tankin, ya duba ko akwai tsatsa.

Daga nan ya bi jikin ƙarfen da hannu, a hankali, tun daga sirdi har wuya, wurin da kai ke juyawa. A nan hannunsa ya tsaya. Bai daɗe ba, ya wuce, bai ce komai ba. Ba wanda ya lura sai ni, don na san tsayawar hannun nan. Haka yake yi a gwiwar doki.

Da zai fita rakiya da sallar magariba, ya leƙo ya ce wa Inna a share ƙarƙashinsa a zuba yashi kamar kullum. Ya ƙara da cewa a janye murhun ruwan wankana zuwa bayan ɗaki, don abin da ke cikin tankin nan ko ƙanshin wuta ba ya so.

Inna ta ce, "Yau na ga baƙo. Bai yi sallama ba ya tashe ni daga murhuna."

Ta janye murhun tana mita. Aka yi mini wankan yamma da tafasasshen ruwa da ganyen tsamiya, na shiga ɗaki na kwanta da kwanon kunun kanwa. Na ji ana watsa ruwa a waje, ban kawo komai a raina ba, gidan mai jego kullum cikin ƙarar ruwa yake.

Gari na wayewa, bayan an fito masallaci, filin nan ya cika. Har waɗanda suka daina zuwa zaurenmu sun zo, don kowa yana so ya ga yadda dillalin dawaki zai yi da ƙarfe. Babur yana tsaye a turke, yana ta sheƙi, kowa ya ɗauka raɓa ce. Baba ya tsuguna ya duba yashi. Ɗigon baƙin mai kaɗan ne. Ya ce wannan ba komai, duk tsoho yana zubar da yawu, abin tsoro shi ne a tarar da kududdufi. Ya tattare rigarsa ya taka sandar da ake bugawa a tashe shi, ya ɗora nauyinsa duka. Sandar ta riƙe shi, sannan ta sauka a hankali. Ya ce numfashinsa yana nan, da ya huje da ta faɗi da shi kamar ya taka iska.

Sannan ya ce wa mai shi, "Bismilla. Tashe shi."

Mutumin ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Ya murɗa wannan, ya taɓa wancan, ya buga har hularsa ta faɗi, zufa ta jiƙa masa riga. Ko tari babur bai yi ba. Maigidana ya koma gefe ya jingina da bango. Mai babur ya zauna a ƙasa yana rantsuwa, yana cewa bai taɓa yi masa haka ba, ko a kan duwatsu inda sanyi ke hana barci.

Sai fili ya ɗauka. "Kun gani? Idon tsoho yana nan!" "Da jiya aka saya da an shiga uku." "Ashe har ƙarfe ba ya yi masa ƙarya." Wani da ya fi kowa yaɗa maganar mutuwar ido, shi ne ya fara miƙo hannu.

Maƙeri ya matso ya ce, "Malam, ga sunanka ya dawo da ƙafarsa. Ka ce a'a a tashi, in je in hura wutata."

Ku duba fa. Abin da Baba ya yi watanni yana nema, ga shi an kawo masa har turke, ba abin da ya rage sai ya buɗe baki. Ni kaina a bayan bango ina cewa a zuci, faɗi, Baba, faɗi.

Bai faɗa ba. Yana tsaye yana kallon babur, goshinsa a tattare. Abin da numfashinsa ke nan, jininsa ke nan, me zai hana shi tashi? Ya sake tsugunawa, ya sa yatsu a wani ɗan akwati da ke gefen injin, wanda direban ya ce shi ke haifar da wutar da ke tashe shi. Ya zaro wani abu ƙarami, ya ɗaga shi a haske, ya sunsuna. Ganyen tsamiya ne, dafaffe. Ya tona yashin da hannu, sama busasshe, ƙasa jiƙe sharkaf.

Ya miƙe, ya juyo wajen cikin gida, ya ɗaga murya.

"Wa ya yi wa baƙona wanka?"

Inna tana kusa da ni. Ko gezau ba ta yi ba. Ta gyara ɗaurin zane ta amsa yadda duk filin zai ji.

"Ni ce, Malam. Wane doki ne ya taɓa kwana a turken nan da taɓo a jikinsa? Ga jariri a gida, ka kawo mini ƙazanta har wuya. Ruwan wanka ya ragu, da zafinsa, na kwara masa na dirje shi da soso. Ba godiya?"

Sai dariya ta fashe. Maƙeri ya riƙe ciki ya ce, "To madalla! An yi wanka, saura kunun kanwa. Yaushe ne suna, Malam? Rago nawa za ka yanka?" Mutanen da yanzu suka gama yabon Baba suna ta tuntsirawa. Na ji wani yana cewa, dillalin da matarsa ke yi wa ƙarfe wankan jego, shi za a tambaya?

Baba ya bari suka gama. Ya taka har gaban mai babur, ya miƙa masa hannu ya tashe shi daga ƙasa.

Ya ce, "Laifin gidana ne, ba na dabbarka ba. Ka yi rantsuwa a kan gaskiya, an yi maka dariya a ƙofata. Ka yafe mana. Za mu shanya shi, ya sake kwana, gobe a yi masa adalci."

Wani ya ce, ai ko ba komai da an yi shiru an rage kuɗin. Baba ya dube shi, mutumin ya nemi takalminsa.

Aka turo babur tsakiyar rana, aka buɗe murfin ɗan akwatin, Baba ya goge cikinsa da busasshen ƙyalle. Da mutane suka watse, mai babur ya ja Baba gefe, daidai bangon da nake. Ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Baba, akwai abin da ban faɗa ba. Mun taɓa faɗawa kwazazzabo da shi. Wuyansa ya tsage, aka liƙe a wurin masu gyaran jirgi, aka shafa fenti a kai."

Baba ya ce, "Hannuna ya ji tun jiya. Jira nake in ga ko bakinka zai faɗa. Da ba ka faɗa ba, ko da ya tashi sama kamar tsuntsu, a'a zan ce."

Sai ya ƙwala wa maƙeri kira ta kan katanga. "Kai, baƙin ƙarfe! Zo ka yi abin da ka iya, ka huta da surutu. Ni dabba na sani, ɗinkin wuta naka ne."

Maƙeri ya zo yana cewa ko mai jegon ce ke neman ƙari. Amma da ya ga wurin sai ya bar wasa. Ya kankare fentin da wuƙa, ya tofa yawu ya goge, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya ce wanda ya yi aikin nan ya san wuta, liƙin ya shiga ciki, ba a sama ya tsaya ba, in ma zai karye ba a nan ba.

Baba ya ce, "Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"To yanzu mu biyu ne a ciki. In ungulu sun taru, har da kai za su tambaya."

Washegari mutane ba su kai na jiya ba. Yashi ya nuna ɗigo kaɗan kamar da. Baba ya taɓa injin ya tabbatar da sanyinsa, ya ce bismilla. Bugu na fari babur ya yi tari, na biyu ya ɗauka da ruri, har jaririna ya farka. Baba ya zaga baya yana kallon hayaƙi. Ya fito da ɗan kauri, ba a jima ba ya washe. Ya ce da ya ci gaba da fitowa shuɗi, to jininsa yake ƙonawa. Ya ɗora kan sandarsa a jikin injin, ya kara gindin a kunne, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Daga baya ya gaya mana yana neman wata ƙara ce mai nauyi daga can ƙasa, kamar ana buga taɓarya a cikin rijiya, bai kuwa ji ta ba.

Maigidana ya ɗauka an gama. Baba ya ce bai taɓa cewa "saya" a kan abin da bai hau ba.

Maƙeri ya ce, "Malam, ka bar wasiyya tukuna. Ni butar nan nake so."

Inna ta kwance ɗamararta ta aika wa Baba, ya tattare babbar rigarsa ya ɗaure a ƙugu kada sarƙa ta ja. Ya hau bayan mai babur, ya miƙe baya kamar yana kan ingarma. Ya ce ba hanyar Turawa mai laushi yake so ba, a bi ta Dutsen Abba, inda ruwa ya cinye hanya. Suka tafi. Muna jin ƙarar tana raguwa har ta ɓace.

Sai da hantsi ya yi zafi suka dawo. Rawanin Baba ya warware yana bin iska, gemunsa ya rabu biyu. Ya sauka, ya dafa turke ya tsaya, ba wanda ya yi gigin kama shi. Ya ce ya sa an taka birki a gangare, ya sa an hau tudu ba a ɗauko gudu ba, ya sa an sassauta riƙo a miƙaƙƙiyar hanya ya ga ko kan zai ja gefe. A can kuma ya sa an kashe shi, suka ci goro, aka sake tashe shi da zafinsa, don akwai mai tashi da sanyi ya ƙi da zafi.

Ya dubi maigidana ya ce, "Tayar baya ta gama aiki. Sarƙa ma haka. Akwai wayoyin da na ɗaura wa zare, a ɗaure su. Wannan duk yunwa ce, kiwo yana maganinta. Ƙashinsa lafiya, numfashinsa lafiya."

Sannan ya ce, "Saya."

Ban taɓa jin kalmar nan ta yi nauyi a bakinsa kamar ranar ba.

Tsohon boyin ya zauna ya koya wa maigidana hawa a filin bayan gari, ya nuna masa yadda ake liƙe taya da yadda ake haɗa sarƙa. Bayan na yi arba'in aka ɗaura guzuri da gwangwanayen mai, maigidana ya kama hanyar kudu. Ya ce kafin wata ya mutu zai dawo.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, babu shi babu labarinsa. Baba ya koma zama a bakin zaure fuskarsa a kudu, carbi a hannu. Masu wucewa su gaishe shi su ƙara sauri. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maƙeri ya daina tsokana. Sai ya zo ya zauna kusa da shi su yi ta shiru har a kira salla. Inna kuwa ta daina mita, ko akuya ba ta yi wa faɗa.

Ran nan da azahar muna tankaɗe, sai Baba ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi a wannan lokaci. Ya ce, "A ɗora ruwa, a dama fura. Ga shi nan." Muka kasa kunne, ba mu ji komai ba. Sai can, can nesa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Maigidana ya iso ya yi baƙi ya rame, amma yana dariya, fatu a bayansa sun fi kansa tsawo. Ya ce ba abin da ya tsare shi sai kasuwa. Da ya ga abin hawan ba ya gajiya, ba ya tsoron ƙuda, sai ya yi ta nutsawa har garuruwan da doki bai taɓa kai shi ba. Ƙaya ta huda taya, ya liƙe. Ban da wannan, ko sau ɗaya bai kwana a hanya don babur ya ƙi ba.

Unguwa ta taru. Baba bai yi sauri ba. Ya fito a hankali, ya zaga babur, ya ɗora hannu a wuyan nan, wurin liƙin, ya bar shi a nan. Sannan ya ce a shigar da shi turke, a share ƙasa, a zuba yashi.

Daga bayan bango Inna ta ce, "Malam, na ga ya kwaso ƙasa. In ɗora ruwa?"

Ranar na ga haƙoran Babana duka. Maƙeri kuwa ya ce shi dama ya sani, ai shi ya duba wuyan.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Zaurenmu ya sake cika, masu doki suka dawo, har da masu keke da keken ɗinki, kowa yana so abinsa ya kwana a turke. Abin da Baba bai sani ba yakan ce bai sani ba, ya tura su wurin direban nan, wanda daga baya ya buɗe wurin gyara a Sabon Gari. Baba ya rasu da kalmarsa a hannunsa, ba wanda ya sake cewa idonsa ya mutu. Maƙeri shi ya yi masa wanka, bai kuwa daɗe ba ya bi shi, don ya rasa wanda zai tsokana. Tsohon boyin ya koma ƙauyensu ya yi noma, duk kaka yakan aiko mana da doya. Inna ta tsufa ƙwarai, har ta bar duniya ba ta yarda ta yi kuskure ba, cewa take wankan nan ne ya ƙara masa ƙarfi. Maigidana ya hau babur ɗin shekaru masu yawa, da shi ya gina gidanmu na Hanwa, da shi ya kai ni haihuwa ta ƙarshe asibiti. Da ya gaji aka jingine shi a barga, jikoki suka yi ta hawa suna ruri da baki, har tsatsa ta cinye shi, amma wuyan bai karye ba. Jaririn da aka yi wa bitar karatu a cinya shi ne dattijon da kuke durƙusa wa yanzu. Ni kuwa ga ni, na rage, da haƙori biyu da labarin nan. Na sauke muku shi, ku riƙe.